Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu jarraba ɗaliban likitanci: a kawo tasha ɗaya ƙauye

Zuwa ga shugabannin kwalejojin koyon aikin likita na Kano da Jigawa, da manyan likitocin da ke riƙe takardar maki ranar jarrabawar hannu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, ina miƙa gaisuwa da ban girma. Ya aiki, ya ɗawainiyar yara? Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara lafiya.

Ni tsohon malamin asibiti ne. Na kama aiki muna ƙarƙashin jihar Kano, aka yanke Jigawa a 1991 ina bakin aiki, na cika shekara 35 a ƙananan asibitocin karkara na ajiye. Yanzu ni ke shugabantar kwamitin da ke lura da asibitin mazaɓarmu a ƙasar Ringim. Da bakin wannan kwamiti nake magana, da bakin ma'aikatan jinya da ungozomomin da muke fama tare, da kuma na matan da ke layi kan benci tun hantsi, waɗanda ba za su taɓa rubuto muku wasiƙa ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kwanan baya aka turo mana ɗalibai su yi zaman karkara na 'yan makonni. Ba zan kama sunan makarantar ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba. Yara masu ladabi, masu kaifin kai, ba mu ga aibunsu ba. Sai dai motarsu takan iso ana shirin azahar, kafin la'asar ta juya, kuma babu malami ko ɗaya da ya biyo su ya ga abin da suke yi. Ranar ƙarshe suka tara littattafan shaidar aiki a teburin mai kula da asibitin, tuli guda. Kowane shafi da layinsa: na auna mai ciki, na karɓi haihuwa, na yi ɗinki, na sa ruwa a jijiya. Ina zaune a gefe yana ta sa hannu, shafi bayan shafi. Ya ɗago ya dube ni, na kawar da kai, don ni ma a zamanina na sa irin wannan hannu. Haihuwa biyu aka yi da rana a duk zaman nasu, sauran duk cikin dare ne, suna birni suna barci. Da kwamiti ya zauna aka ce, Malam, kai ka san harshensu, rubuta musu.

Kafin in fara kuka, bari in ba ku haƙƙinku. 'Yar ƙanena tana aji biyar a karatun likita. Da ta zo hutun salla na iske ta a tsakar gida ta kwantar da ƙaninta kan tabarma, ta saita agogon waya, tana magana da Turanci kamar mai karanta hadda. Ta faɗi sunanta, ta nemi izini, ta murza tafin hannunta a iska alamar ta wanke, ta ɗora hannu a cikin yaron, shi kuwa yana ta ƙyalƙyala dariya. Wayar na ƙara ta miƙe ta koma kan wani. Na ce, wannan kuma wace irin rawa ce? Ta ce, Baffa, oski ce. Ita ta warware mini yadda OSCE take: tashoshi a jere, kowace 'yan mintoci, a wannan ka ɗauki tarihin ciwo, a waccan ka duba ƙirji, a ta gaba ka karanta hoton ƙashi, ƙararrawa na kaɗawa kowa ya matsa gaba, kuma duk ɗalibi tashoshi iri ɗaya zai bi, da takardar maki iri ɗaya. Daga baya na karanta cewa Ronald Harden da abokan aikinsa ne suka fito da tsarin a Dundee ta ƙasar Sikotilan, suka wallafa shi a 1975.

Na yaba, don na san abin da ya zo gyarawa. Lokacin da nake koyon aiki a wani babban asibiti na ga tsohuwar jarrabawa da idona. A ba ɗalibi majinyaci ɗaya ya zauna da shi kusan awa, sannan manya su zo su yi masa tambayoyi. Wani ya dace da dattijo mai surutu da ciwo bayyananne da malami mai sauƙin kai. Wani ya faɗa hannun majinyacin da ya gaji da magana, ga malamin da ya fito gida a fusace. Rabin sakamakon sa'a ce. Saboda haka ba cewa muke a koma gidan jiya ba. Kukanmu shi ne jarrabawar ta tsaya a ɗaki mai fanka da lantarki, alhali yaron da kuka yaye, bayan shekara shida da shekarar horo da hidimar ƙasa, sau da yawa wurinmu yake faɗowa, shi kaɗai, babu babba a kansa.

Kuka na farko, kuma mafi girma, harshe ne. Ana jarraba ɗalibi da Turanci, a gaban wanda aka koya wa amsa, wani lokaci ma ɗalibi ɗan'uwansa ne ya kwanta a matsayin majinyaci. Ka tambaye shi ina ke ciwo, ya nuna maka daidai inda littafi ya ce. Majinyacin ƙauye ba haka yake ba da labari ba. Zai ce maka shawara ke damunsa, kuma shawarar nan tana iya zama idon da ya yi rawaya, tana iya zama kasala da ɗacin baki kawai. Basir a bakinmu ya haɗa tun daga kumburin ciki har jinin da ke iya zama alamar daji a hanji. Mace ta ce sanyi, wata ta ce zaƙi ne ya tare mata haihuwa, tsoho ya ce ciwon zuciya alhali baƙin cikin gonar da aka ƙwace masa yake nufi. Wanda bai iya bin kalmar nan a hankali har ya kai ga abin da ke ƙarƙashinta ba, to ya rubuta magani ne kan suna, ciwon na nan inda yake. Kuma kada a ce ai yaranmu Hausawa ne. Jin Hausa daban, iya tambayar mara lafiya da ita daban. Na ga ɗan Bahaushe uwa da uba yana kame-kame, ya rasa yadda zai tambayi dattijuwa sa'ar kakarsa zancen fitsari ba tare da ya yi mata rashin kunya ba, sai ya tsallake tambayar gaba ɗaya.

Akwai ranar da ba na mantawa. Aka kawo wata yarinya amarya a amalanke, ciwon mara. Uwar mijinta na zaune a gefen gado. Wani sabon likita da aka turo mana, yaro mai ƙoƙari, ya tambaye ta kai tsaye, kina da ciki? Ta sunkuyar da kai ta ce a'a. Me kuke so ta ce a gaban surukarta? Ya rubuta maganin tsutsar ciki da na kashe zafi. Ungozomarmu, wadda ba ta taɓa shiga jami'a ba, ta ce wa tsohuwar, Iya, taimaka ki samo mana ruwan zafi a wurin mai shayi. Tana fita ta matso kusa da yarinyar ta rage murya. Yaushe rabonki da ganin wata? Ta ce biyu ke nan. Kina salla? Ta ce kwana uku ba ta yi, ɗan ɗigo-ɗigo take gani. Ungozoma ta ja fatar idonta, fari fat, ta riƙe wuyan hannunta, bugun na gudu. Ta juyo ta ce, likita, ina tsoron cikin nan a bayan mahaifa ya zauna, ya fashe. Muka sa mata ruwa, muka nemi mota. A babban asibiti aka tabbatar, aka yi mata aiki, Allah ya yi da sauran kwana. Likitan ya san ciwon sarai, ya fi mu saninsa nesa ba kusa ba, da an ba shi a takarda da ya cinye makin. Abin da ba a taɓa jarraba shi a kai ba shi ne yadda ake fitar da suruka daga ɗaki cikin mutunci, da sanin cewa "ba na salla" magana ce ta jini. Macen da ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari, ku ɗauka za ta amsa tambayar ciki da baki buɗe? Ban ma taɓo zancen Fulanin rugage ba, da mutanen gabashin jihar nan da Hausa ba ita ce harshen gidansu ba, inda sai da tafinta, kuma aiki da tafinta shi ma abin koyo ne.

Na biyu, hannu. Abin da ya tsaya mini a rai a wasan 'yar ƙanena shi ne murza tafin nan a iska. Na tambaye ta, ta ce a wasu tashoshin in ka faɗi cewa za ka yi abu, an ba ka makinsa. Zan wanke hannu, maki. Zan auna hawan jini, maki. Ranku ya daɗe, a wurinmu "zan yi" ba ta tsayar da jijjiga. Mai ciki ta zo tana taune-taune da tsakar dare, kowane ɗalibi zai gaya maka magnesium sulphate ake ba ta, giram 4 a jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɓangare na mazaunai. Amma kwalbar da ake kawo mana mai ƙarfin kashi 50 ce, sai an sirka ta ta koma kashi 20 kafin ta shiga jijiya, ga fitilar waya a baki, ga mata na salati a bakin ƙofa. A nan ne hannu ke rawa. Wanda bai taɓa fasa kwalbar ya zuƙa ya sirka a gaban mai jarrabawa ba, ranar zai fara koyo, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Haka jaririn da ya faɗo bai yi kuka ba: minti ɗaya ake da shi a goge shi, a gyara kansa, a ɗora masa abin hura iska har a ga ƙirji na ɗagawa. Ƙirjin jaririn roba da ake koyo a kansa ko ya ɗaga ko bai ɗaga ba, ba abin da za a yi gardama a kai.

Sannan jarrabawar ta saba miƙa wa ɗalibi sakamakon gwaji a takarda, a shirye. Mu kuwa ɗakin gwajinmu bai wuce tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro da na fitsari ba, su ma in akwai. Abin da ya rage shi ne ido da kunne da yatsu da agogo. A ɗaga rigar yaro a ƙirga numfashinsa minti guda cur: 50 ko fiye ga wanda ke tsakanin wata 2 da shekara, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon ya sauka huhu. A naɗa ma'auni a damtsen yaro, in ya gaza santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani. A lanƙwasa wuya lokacin zafi don sanƙarau, wanda Jigawa ta san shi farin sani. A buɗe baki a leƙa maƙogwaro, kamar yadda mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 ya tuna wa kowa. Manomi ya zo kububuwa ta sare shi a gona, a zuba jininsa kaɗan a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a bar shi minti 20, a karkata: in bai daskare ba, dafin ya shiga jini, a nemi maganin dafi da gaggawa. Duk waɗannan ba su buƙatar lantarki, kuma duk ana iya mayar da su tashar jarrabawa.

Ba wai ilimin ne babu a gida ba. Binciken nan na E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa, da aka wallafa a 2023, an yi shi a asibitocin Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa. Leda ce mai awo ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a ga yawan jinin da ido maimakon kintace, sannan a haɗa matakan tsayar da shi a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya, aka samu raguwar mummunan sakamako da kusan kashi 60 cikin 100. Abu ya fito daga hannun 'yar gida, ai ya kamata kowane ɗalibi ya nuna ya iya shi da hannunsa kafin a ba shi takarda.

Na uku ya shafi mutanenmu da ake jarrabawar a jikinsu. Mun san ba a koyon likita sai da majinyaci, ba ma ƙyashi. Amma wani maƙwabcina, mai kumburin saifa, ya je babban asibiti aka kwantar da shi. Ya samu sauƙi, yana jiran sallama, sai aka ce ya ƙara kwana uku. Ba wanda ya gaya masa dalili. Ashe saifarsa ce ta yi kyau don jarrabawa. Ranar, tun safe har bayan azahar, ɗalibai na shigowa ɗaya bayan ɗaya suna danna wuri ɗaya, bai karya ba, ɗansa da ke jinyarsa na waje kuɗin abinci ya ƙare, ga gero ya isa yanka a gona. Da ya dawo ya ce mini, Malam, na ɗauka ciwon ne ya yi tsanani shi ya sa likitoci suka yi mini yawa. Ya kwana uku yana tunanin mutuwa. A tasha ta farko kuna ba ɗalibi maki don ya nemi izinin majinyaci. To, shi wannan bawan Allah wa ya nemi nasa izinin?

Sai in koma kan littafin sa hannu da na fara da shi. Wani malamin likitanci ɗan Amurka, George Miller, a 1990 ya kasa ƙwarewa hawa huɗu: sani, da sanin yadda ake yi, da nunawa, da yi a bakin aiki. Oski a hawa na uku take tsayawa. Hawa na huɗu ba ya ganuwa sai a gefen gadon gaske, kuma shaidarsa ɗaya da kuke karɓa daga karkara ita ce littafin nan da muke sa wa hannu don kunya. Laifin namu ne da naku. Ƙaramin ma'aikaci ba zai iya duban ɗalibin da gobe zai zama shugabansa ya ce ba zan sa ba. Akwai kuma zancen haɗa maki: ɗalibi ya faɗi tashar farfaɗo da jariri, ya cike giɓin da makin tashar karanta hoto, jimla ta haye da shi. A takarda ya ci. A ɗakin haihuwa ba a haɗa jimla.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

A sa tashoshin da za a yi su da Hausa tsantsa, a ba su maki daidai da na sauran, ga ɗan gida da baƙo baki ɗaya, tunda duk mutanen nan za su duba. Masu kwaikwayon majinyaci kuma a ɗauko su daga cikin jama'a: tsofaffin ungozomomi, ma'aikatan da suka ajiye aiki, matan ƙauye masu baki. A koya musu labarin, a bar su su ba da shi yadda ake ba da shi a gida, da kewaye-kewaye da kunya da suruka a gefen gado. A kuma ba su damar faɗin nasu ra'ayin a ƙarshe, ko ɗalibin ya saurare su, ko sun gane bayaninsa. Mu a kwamitinmu akwai mutum biyar da suka ce a shirye suke, ni ne na shida.

A daina ba da maki kan "zan yi" a duk abin da hannu ke iya yi a wurin. A ajiye buta da sabulu, a ajiye kwalbar magani da sirinji, a ajiye ma'aunin hawan jini na hannu. A ware 'yan tashoshin ceton rai, jijjigar masu ciki, zubar jini bayan haihuwa, jaririn da bai numfasa ba, yaron da gudawa ta ƙarar wa ruwa, a ce waɗannan ba a cike su da makin wata tasha. Wanda ya faɗi a zaunar da shi a nuna masa inda ya kuskure, ya sake, don na ji ɗalibai na cewa sakamako kawai suke gani a allo, ba su san me suka ɓata ba. Muna fatan majalisar MDCN, da ke ba likitoci lasisi, za ta dubi wannan in ta zo duba makarantu.

Majinyacin da za a yi jarrabawa a jikinsa a gaya masa da harshen da yake ji, a nemi yardarsa, ya san yana da ikon cewa a'a ba tare da an fasa duba shi ba. A ƙayyade yawan hannun da zai taɓa shi, a ciyar da shi da mai jinyarsa, a ba shi kuɗin mota, mace kuma a sa mata 'yar'uwarta mace a ɗakin. Kada a ƙara wa kowa kwana don jarrabawa sai da saninsa.

Zaman karkara kuwa a mayar da shi zama na gaske. Ɗalibai su kwana, ko da bi da bi ne, don haihuwa da dare take zuwa. Mun yi magana da mai gari, akwai ɗakuna biyu a gidan ma'aikata da za mu share mu sa gidan sauro, matan gari sun ɗauki nauyin tuwon dare. Malami ya riƙa biyo su ko sau ɗaya a mako, ya tsaya a bayan ɗalibi yana duba majinyaci na gaske, ya ba shi maki nan take. Littafin shaida kuma a rage layukansa zuwa abin da za a iya gani da ido, a ba ma'aikacinmu hurumin rubuta "ban gani ba" ba tare da ya ji tsoron abin da zai biyo baya ba.

Na san za a ce kuɗi, za a ce ɗalibai sun yi yawa malamai sun yi kaɗan, wasu ma sun tafi ƙasashen waje. Gaskiya ne, mu ma ma'aikaci ɗaya ke riƙe mana dare. Shi ya sa ba mu ce a kwaso jarrabawar duka ba. Tasha ɗaya muke roƙo a fara da ita a bana, a asibitin karkara, kowanne kuka zaɓa cikin ƙananan hukumomi 44 na Kano ko 27 na Jigawa. In namu kuka zaɓa, ku zo ranar awon ciki, ku iso kafin ƙarfe tara, lokacin benci ya cika. In damina ce ku aiko tun da wuri mu tanadi babura a bakin kwalta, don mota ba ta shiga.

Allah ya ƙara girma, ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin asibiti, a madadin kwamitin asibitin mazaɓarmu, ƙasar Ringim, jihar Jigawa.